Audugar Inna Ramatu

Sallama gare ku 'yan uwana, da waɗanda muka daɗe tare da waɗanda yau suka fara leƙowa. Ku gyara zama. Abin da na zo da shi yau ba mai daɗin faɗa ba ne, na yi ta rubutawa ina gogewa kafin na iya sakinsa. Da yawanku kun yi mini addu'a a ƙasan rubutun da ya wuce, kuna cewa Raihana ta yi dacen miji. Gaskiya kuka faɗa, na yi dace. Abin da ban tabbata ba shi ne ko shi ya yi dace da ni.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da ƙananan yara a makarantar ƙauyenmu, wanda ke bakin tura'a, wato babban magudanar ruwan gonaki, yamma da garin Managil. Wanda zan aura sunansa Sharfuddeen, kowa Sharfu yake ce masa. Manomi ne, marar yawan magana, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa uwa, Inna Ramatu, da hawasha guda, wato gonar ban-ruwa da aka rubuta da sunan mutum a nan yankin Jazira. Ku da ke nesa ba lalle ku ji nauyin wannan ba. Yawancin mutanenmu a gonar wasu suke aiki tun kakanni, su shuka, su nome, su cire, a yanka musu abin da aka ga dama. Mahaifin Sharfu yana cikin 'yan kaɗan da suka samu tasu ta kansu. Shi ya sa Inna Ramatu ba ta taɓa kiranta gona ba. In za ta je can sai ta ce, "Zan leƙa wajen Malam," wato marigayi mijinta.

Kuma leƙawar kawai take yi. Tun da Sharfu ya kawo ƙarfi ya hana ta sunkuyawa a gona, saboda ciwon gwiwa. Takan kai masa shayi, ta zauna ƙarƙashin wani gawo da Malam ya bari a kusurwar hawashar, ta yi ta ba shi umarnin da bai tambaya ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin ya faro ne daga wayata.

Ina da 'yar goggo, Ibtisam, wadda ta auri wani mai aiki a Jidda. Lokacin da aka kawo shelarta, abin da ku a can kuke kira lefe, sai da gurup ɗin danginmu ya cika da hotuna. Akwatuna a jere, tob-tob, wato lafayar matanmu, masu walƙiya an naɗe su kamar furanni, turaruka, itacen sandal, buhunan sukari, jarkokin mai. A tsakiya kuma wani ɗan akwati mai jan ciki, awarwaron zinari a kwance. Na buɗe hoton nan, na ja shi da yatsa ya girma, na rufe, na sake buɗewa. Na rubuta mata "Masha Allah, mabruk ya habiba" da zukata ja-ja. Allah ya sani abin da ke cikin tawa zuciyar ba ja ba ne, baƙi ne.

A lokacin da ake shirin tawa shelar, Ibtisam ta zo hutu gida, za ta koma kafin sanyi ya ƙare.

Wata la'asar Sharfu ya zo hira, muna zaune a rumfar tsakar gida, Haboba Khadijat, kakata, tana gefe tana soya bunnin kofi kamar ba ta jin mu. Ya fara gaya mini abin da ya tanada, yana murna, yana lissafawa da yatsu: tufafi, takalma, turare, kayan abinci, sai zobe da 'yan kunne.

Na ce, "Awarwaro fa?"

Ya yi dariya. "Awarwaro kuma? Wa zai riƙe miki alli in hannun ya yi nauyi, Malama?"

Ban yi dariya ba. Ya dube ni, dariyar ta tsaya a rabi.

"Da gaske kike?"

"Ni ban ce dole ba. Amma ka san mutane."

'Yan uwana, ku lura da wannan kalma, mutane. Babu wasu mutane. Ni ce, da hoton da ke wayata.

Yumma, mahaifiyata, ta kama mini. Ba zan ɗora mata laifina ba, amma ta hura wutar. Ta ce, "Ɗiyata malama ce, ba a kawo mata shelar da za a ɓoye bayan ƙofa. Goggonki ta cika mana kunne, wanga karo mu ma sai mun yi magana." Da na ji haka sai na samu inda zan jingina. Duk abin da raina ya biya, sai in ce Yumma ce ta ce.

Sharfu ya amince da awarwaro biyu. Kun san me na ji da ya ce to? Ba daɗi ba. Yunwa na ji. Na ce a raina, ashe da na ce huɗu ma zai yarda. Bayan kwana kaɗan na ce huɗun. Daga nan na tuna sarƙa. Daga sarƙa na tuna cewa tob ɗin da ake sayarwa a kasuwar Managil kowa ya san kuɗinsu, gara a aiko daga birnin Madani. Kullum in na kwanta sai wani abu ya faɗo mini wanda babu shi a shelata, kuma da zarar ya faɗo sai in ji kamar an ƙwace mini shi ne.

Har yanzu saƙonnin suna nan, ban goge ba, don ina so in riƙa ganinsu.

Ya rubuto: "Raihana, ki yi mini haƙuri a cire auduga. Bana ta yi kyau wallahi. In an cire an sayar, duk abin da kika ce zan yi."

Na amsa: "Kafin nan Ibtisam ta koma Jidda."

"To mene ne in ta koma?"

"Ina so ta gani da idonta."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai na ƙara masa da abin da har gobe in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige: "In ba za ka iya ba ka faɗa mini tun wuri, kada in ji kunya a gaban dangi."

Bai sake magana ba sai bayan kwana biyu. Kalma huɗu ya turo: "Tamam. Za ki samu."

Ban tambaye shi daga ina ba. Wannan shi ne babban abin. Na san abin da manomi yake da shi kafin a cire amfani, ni 'yar ƙauyen nan ce, ba baƙuwa ba. Na sani sarai, na zaɓi kada in tambaya.

Ranar da aka kawo shela gidanmu ya cika ya batse. Mota mai buɗaɗɗen baya ce ta shigo da kayan, mata na guɗa, yara na bin ta a guje. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi ta buɗe akwatuna ana ɗagawa sama. Da aka zo kan ɗan akwatin zinarin sai tsakar gidan ta yi tsit, sannan guɗa ta ɓarke. Ni ina ɗaki ina leƙe ta tsagar taga, ba kayan nake kallo ba, fuskar Ibtisam nake nema. Na ga ta ɗaga gira ta ce, "Lalle!" Wannan "lalle" ɗin ita na saya. Ba ta kai tsawon numfashi guda ba.

Da taro ya lafa aka shigo da Inna Ramatu ɗakina don in gaishe ta. Tana sanye da wani koren tob da ya sha wanki, ta naɗe hannayenta a cikinsa. Na durƙusa na kama hannunta, sai na ji shi kaushi, duk ƙananan yankuna a yatsun, wasu ba su bushe ba. Ta yi maza ta janye.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kayan sun yi miki?"

"Sun yi, Inna."

"To alhamdu lillahi. Shi ke nan abin da muka so."

Na ji yankunan nan a tafina, na kuma manta da su kafin ta kai ƙofa, domin Yumma ta shigo da akwatin zinarin tana cewa in gwada.

Daga ranar na shiga habsa, zaman ɗakin da amarya take yi kafin biki. Ba fita, ba rana, ba idon namiji, balle na ango. Na ɗauki hutu a makaranta. Safe da yamma Yumma ta hura itacen ɗalha a ramin hayaƙi, in zauna a kai lulluɓe da bargo har zufa ta wanke ni, sannan a murje ni da dilka. Fatata ta yi laushi ta yi ɗan ja, jikina ko'ina ƙamshi. In na gaji da kwanciya sai in sa awarwarona in girgiza hannu in ji ƙararsu. Kuma bari in gaya muku gaskiya: a daidai lokacin nan na koma hoton Ibtisam, na ga ashe sarƙarta ta fi tawa kauri. Raina ya ɓaci. Har na fara tsara yadda zan gaya wa Sharfu.

Ban kai ga gaya masa ba, saƙon Ibtisam ya riga ni.

Da hantsi ne, na fito daga hayaƙi ke nan ina shan iska a bakin gado. Ta turo hoto, a ƙasa ta rubuta: "Ke amarya, wannan ba surukarki ba ce? Ko idona ne?" Ta sa fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Hoton na Haj Abdulmuttalib ne, wani ɗan kasuwa a Managil da ke sayen amfanin gona. Shi ya ɗora a wayarsa, yana tsaye da farar jallabiya gaban tulin auduga, ya rubuta: "Masha Allah, audugata ta bana." A bayansa mata sun yi layi da buhuna a ka, suna jiran a auna abin da suka cira a biya su ladan yini. Na ja hoton ya girma, kamar yadda na saba jan hoton zinari. Ta uku a layin tana sanye da koren tob. Ta dafa gwiwa da hannu ɗaya. A can kusurwa kuma ga gawon nan.

Wajen Malam ne.

Na kira Sharfu, bai ɗauka ba. Na sake kira. Sai na tura masa hoton ba tare da na rubuta komai ba.

"Wa ya nuna miki?"

"Sharfu, mene ne wannan?"

"Ba abin da ya shafe ki ba ne. Ki kula da habsarki."

"Don Allah."

Sai ya rubuto: "Na sayar masa da audugar tana tsaye, yadda ya ga dama ya saya. Ba ta isa ba, sai na haɗa masa da hayar hawashar ta shekara biyu masu zuwa."

Na rubuta: "Inna fa?"

"Na hana ta, har faɗa muka yi. Ta ce a gaban idonta aka zuba irin nan, ba za ta zauna gida baƙi su cire ba tana da rai. Kuma gidan yana son cefane. Ni ina Managil ina dako a kasuwa. Kada ki damu, kin ce ba kya son jin kunya, ba ki ji ba."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Na fito tsakar gida da bargon a jikina, awarwaron na ƙara a hannuna, ƙarar da ta koma mini kamar ana kiran sunana a kasuwa. Yumma tana wanke-wanke. Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta miƙo mini.

"To sai mi? Kowane ango yana shan wahala. Ubanki ma sai da ya sayar da awakinsa."

"Awaki, Yumma. Wannan hawasha ce. Tana karɓar ladan yini a gonar mijinta."

"Mu muka ce ya yi haka? Koma ɗaki kada iska ta ɓata miki jiki."

Ta faɗa da ƙarfi, amma ba ta iya duban idona ba, kuma kwanon da ta riga ta wanke shi ta sake ɗauka.

Na wuce rumfa wajen Haboba. Tana zaune kan ɗan gadonta na igiya, tana daka citta a ƙaramin turmi. Na zube a gabanta na ce, "Haboba, mayar musu zan yi. Duka. A kira mai amalanke yanzu."

Ba ta daina dakan ba. "Mayarwa ina?"

"Gidansu."

"Ke Malama, yaran mutane kike koya wa karatu ba ki san wanga ba? Shela in ta koma ta ƙofar da ta fito, aure ya mutu. Kafin amalanken ya tsaya gari ya ɗauka cewa kun fasa. Kin cinye masa gona, sannan ki ƙara masa da wulaƙanci?"

Na sani. Kowa ya sani. Sai na fashe da kuka. In riƙe, kunya. In mayar, na kashe auren da hannuna.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ture turmin gefe. "Zo nan. Tuɓe su."

Na tuɓe awarwaron da sarƙar, ta sa na jera su a kan tabarma.

"Da kika sa su, kin ƙoshi?"

Na girgiza kai. Na gaya mata maganar sarƙar Ibtisam da ta fi tawa kauri. Ban taɓa jin nauyin baki irin na lokacin ba.

"Na sani," in ji ta. "Ina zaune nan ranar da kika fara, ina suyar bunni. Na so in yi magana, na ga idonki ba ya nan. Yanzu ɗauki guda. Kada ki ce mini zinari. Gaya mini mi aka bayar aka karɓo shi."

Na ɗauki na farko. Na daɗe ina juya shi. Na ce, "Shukar da suka yi farkon damina."

"Na biyu."

"Noman da Sharfu ya yi, lokacin da zazzaɓi ya kama shi bai kwanta ba."

"Na uku."

"Gwiwar Inna."

Ban iya kaiwa na huɗu ba. Haboba ta ce, "Ya isa. Duk ranar da ranki ya biya wani abu, ki yi masa haka kafin ki buɗe baki. In kin kira shi da sunansa na gaskiya kika ga har yanzu kina so, to ki nema."

Na ce, "To yanzu yaya zan yi?"

Ta ja turminta ta ci gaba da daka. "Ni dai ƙofar gidansu na ce. Ban ce komi a kan gona ba. Gona ba ta da ƙofa." Ta ɗan dube ni ta gefen ido. "Kuma ni tsohuwa ce, da safe barci nike, ba na ganin mai fita."

Washegari da rana ta ɗaga, Yumma ta shiga maƙwabta karɓo garwashi don hayaƙina. Na ɗaure zinarin a ƙyalle, na sa tsohon tob ɗina na zuwa makaranta, na fita. Haboba tana zaune a rumfa ido biyu, tana kallon bango da dukkan ƙarfinta.

'Yan uwana, ban san ƙauyenmu yana da idanu haka ba. Amaryar da ke habsa ta fito tsakar rana, ƙamshin ɗalha na bin ta kamar jela. Matan da ke wanki a bakin tura'a suka miƙe tsaye.

"La ilaha! Ba Raihana ba ce?"

"Amarya, ina zuwa? Angon ne ya gudu kike bi?"

"Ke, rufe fuskarki mana, aibu ne! Duk itacen da uwarki ta ƙona ya tafi a banza!"

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ban tsaya ba. Abin mamaki, wannan kunyar ta fi mini sauƙin ɗauka a kan wadda na kwana da ita.

Na hango gawon tun daga nesa. Gonar ta yi fari fat, mata sun bazu cikin layuka, kowace da buhu ɗaure a ƙugu. Motar Haj Abdulmuttalib tana gefe, yana zaune a inuwarta kusa da ma'auni. Na bi layi har na iske koren tob ɗin. Tana sunkuye, tana cira da hannu biyu, tana jan ƙafa ɗaya.

"Inna."

Ta ɗago. Ta daɗe tana kallona kamar ba ta gane ni ba. Sai ta saki audugar da ke hannunta.

"Innalillahi! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna."

"To mi ya fito da ke? Ke da ke habsa! Uwarki ta sani?"

Na durƙusa cikin ƙasar nan mai tsagewa. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ni ce, Inna. Ba Yumma ba ce, ba mutane ba ne. Ni na yi ta ƙarawa."

Matan da ke kusa sun daina cira. Inna Ramatu ta juya ta dube su har sai da kowace ta koma kan aikinta. Sannan ta ce, a hankali, "Na sani. Yaron nan ba ya iya ɓoye waya, fuskarsa ke karanta mini saƙon." Ta nisa. "Na yi fushi da ke, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar da na fara tsayawa layin can a auna mini audugar Malam, na yi fushi ƙwarai. To amma kin zo. Tashi, ƙasar da zafi."

Na nuna mata ƙullin. Ta gane ko mene ne, ta ja da baya.

"A'a. Kada ki miƙo mini. In ya taɓa hannuna an ce kun mayar."

"Ba ke zan ba ba."

Na nufi inuwar motar. Haj Abdulmuttalib ya ga mace na zuwa da ƙamshin amare, ya gyara rawaninsa. Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wace ce, na kwance ƙullin a gabansa, na ce hawashar nake so ta koma hannun mai ita. Ya dubi zinarin, ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya.

"Ya bitti, 'yata, ni ban ƙwaci gonar kowa ba. Shi ya zo da ƙafarsa yana roƙona. Kuma da namiji na yi hannu, ba da amaryarsa ba. In ya zo da bakinsa, sai mu gani."

Ba sai na kira shi ba. Matan bakin tura'a sun riga sun yi mini wannan aikin. Wayata ta yi ƙara: "An ce kin fita. Tsaya inda kike." Ba gaisuwa, ba sunana.

Na koma wajen Inna. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kwance wani buhu ta ɗaura mini a ƙugu da kanta. "Tunda kin zo, ba a tsayuwa a wajen Malam. Daga ƙasa ake farawa. Yatsa uku, ki ja a hankali, ki bar ɓawon." Sai ta zare mayafin da ke ƙarƙashin tob ɗinta ta yafa mini a ka, ta ja shi ya rufe mini goshi. "Ko kaɗan ne a tsirar. Ba na son a ce amaryar ɗana ta ƙone a hannuna."

Ban cika tafin hannu ba ɓawon ya yanke ni. Jinin ya ɗiga a kan farar audugar. Inna ta ce, "Haka yake yi. Ci gaba."

Muna tsakiyar layi babur ya tsaya a bakin gona. Sharfu ya sauko, rigarsa duk ƙurar buhunan kasuwa, ya rame har wuyansa ya fito. Rabona da ganinsa tun kafin a kawo shela. Ya tsaya nesa kaɗan, ya kawar da kai, don ko a haka bai manta ango ba ya kallon amaryar habsa ba.

"Me kike yi a nan?"

"Cirar auduga."

"Raihana, ba wasa nake ba. Kin san abin da gari ke faɗa yanzu? Wai kin fasa."

"Ban kai komai ƙofarku ba. Tambayi Inna." Na miƙa masa ƙullin. "Mallakina ne, ko ba ka ba ni ba? To na ga abin da nake so in saya da shi. Mai shi ya ce sai da bakinka."

Bai karɓa ba. "Na sha wahala kafin na samo wannan. Yanzu ki sa a ce na kasa?"

"Ba ka kasa ba. Ni na kasa ƙoshi."

Sannan ya juyo ya dube ni sosai, ya manta da al'adar. "Ranar biki Ibtisam za ta kama hannunki ta duba. Goggonki za ta duba. Za ki iya zama a gabansu hannu wayam? Kada ki ce e yau don kin ga Inna, bayan wata guda ki fara turo mini hotuna."

Tambayar ta shige ni, don ya san ni. Na ce, "Zan ji kunya, ba zan ɓoye maka ba. Kuma na san raina zai sake biyawa, ba a rana ɗaya zai daina ba. Amma in ya biya zan gaya maka ya biya, ba zan ce mutane ba."

Inna Ramatu ta ce, ba tare da ta ɗago daga layinta ba, "Kai, karɓi ka tafi, rana na yi. Kun tsaya kuna zance a gonar mutane."

A gonar mutane. Na ga yadda maganar ta sauka a fuskarsa. Ya miƙo hannu ya karɓa.

Na so in tsaya in kalli yadda za su ƙare, Inna ta ce in bar kallon maza in yi abin da ke gabana. Sai na riƙa satar kallo. Na ga Haj yana girgiza kai, na ga ya ɗaga awarwaro ɗaya yana dubawa a rana, na ga Sharfu ya juya kamar zai tafi, aka kira shi ya dawo. An daɗe. Bayana ya riƙe, yatsuna suka yi tsami, zufa ta wanke duk dilkar da aka murza mini. A ƙarshe na ga sun yi hannu.

Ya dawo ba ƙulli a hannunsa. Bai zo wajena ba, gaban uwarsa ya je ya tsuguna.

"Inna, audugar bana ta tafi, ba yadda za a yi. Amma ƙasar ta dawo. Damina mai zuwa mu za mu shuka."

Ta kwance buhun daga ƙugunta, ta ajiye shi a nan tsakiyar layi, ta ja ƙafarta har gindin gawon, ta zauna a inda ta saba zama. Ta dafa ƙasa da tafin hannunta, ta bar shi a nan.

Sharfu ya miƙe. Ya dubi yatsuna, ya ɗan sunkuyar da kai irin yadda yake yi in dariya ta zo masa, amma bai bar ta ta fito ba.

"Ki koma gida," ya ce. "Ki bi ta bayan makaranta, mutane sun taru a bakin tura'a."

"Sharfu, ka yafe mini?"

"Wannan maganar ba ta tsaye ba ce." Ya ciro wayarsa ya nuna mini fuskarta. Kiran Babana ne, har an gaji da kira. "Ya aiko in same shi bayan la'asar, ni da kawuna. Ya ce a gaya mini Yummarki ta fito da akwatunan shela duka ta jera a tsakar gida, tana cewa tunda 'yarta ta zubar mata da mutunci a gari, ita ma ta san abin da za ta yi da su."

Na dubi hanyar gida. Daga inda nake tsaye ina iya hango amalanke a ƙofarmu, an riga an ɗaura wa jakin.

Na tattare tob ɗina, mayafin Inna na kaina, na fara gudu.